Mene ne kishin aiki, kuma me ya raba shi da gamsuwa?

Kishin aiki shi ne halin ma'aikacin da ya sa ƙarfinsa da tunaninsa da zuciyarsa cikin abin da aka damƙa masa, har yana jin ciwon asarar wurin aikinsa kamar daga aljihunsa ta fita. William Kahn, malami a jami'ar Boston ta Amurka, shi ya fara fayyace wannan hali a 1990, bayan ya bibiyi ma'aikatan wani sansanin hutun yara da na wani kamfanin zanen gine-gine.

Sau da yawa ana haɗa shi da gamsuwa da aiki, alhali ba abu ɗaya ba ne. Gamsuwa ita ce mutum ya ji albashinsa da lokacin aikinsa da mu'amalar wurin sun yi masa. Tun 1959 Frederick Herzberg, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya nuna cewa albashi da yanayin wurin aiki suna kawar da ƙorafi, amma ba su ke haifar da himma ba. Ba ina rage darajar kuɗi ba ne, domin a Nijar, inda mafi ƙarancin albashi yake jika 42 tun 2024, wanda bai ci ya ƙoshi ba bai dace a tambaye shi kishi ba. Sai dai gamsuwa tushe ce kawai.

Abin da ke ɗora gini a kan tushen nan shi ne magana tsakanin maigida da yaransa. A duba sito ɗaya a babbar kasuwar Maraɗi, inda aka jibge buhunan aya ana jiran motar Katsina, sai yaron shago ya sa hannu ya ji buhun ƙasa ya yi laima. In ya saba duk wanda ya kawo mummunan labari shi ake yi wa tsawa a gaban abokan ciniki, zai ja bakinsa ya yi shiru, ko da kuwa ana biyansa a kan kari. In kuwa ya saba ana sauraronsa, ana faɗa masa dalilin umarni, ana yi masa sannu in ya kyauta, zai tashi ya ce: "Alhaji, a sauke na ƙasan nan a shanya kafin a yi lodi."

Wannan natsuwar ta faɗin gaskiya ba tare da fargaba ba tana cikin sharuɗɗa uku da Kahn ya lissafa. Sauran biyun su ne mutum ya ga aikinsa yana da ma'ana, sannan ya zamana yana da ƙarfin jiki da kwanciyar hankalin yin sa. A ganina sharaɗin natsuwar nan ne ya fi ƙaranci a shagunanmu da ofisoshinmu, domin kunya da girmama na gaba sukan hana yaro ɗaga murya, sai in maigidan ne da kansa ya kira shi gefe ya tambaye shi me ya gani.