Sauyin Zahiri da Sauyin Sinadari

A ilimin sinadarai ana kasa sauyin da ke samun abubuwa gida biyu. Sauyin zahiri shi ne wanda siffar abu ko girmansa ko yanayinsa ke canzawa, amma ainihin abin yana nan yadda yake. Sauyin sinadari kuwa shi ne wanda ke haifar da sabon abu, domin ƙwayoyin zarra sun rabu da haɗinsu na farko sun ƙulla wani. Saboda haka tambaya ɗaya ce ke raba gardama: shin an samu wani abu da babu shi a da?

Ruwa ya ishi misali. Yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, yana tafasa a digiri 100 a daidai matakin teku, amma ƙanƙara da ruwa da tururi duk abu ɗaya ne: ƙwayar haidurojin biyu da ta oksijin ɗaya. A shekarar 1800, masana kimiyya William Nicholson da Anthony Carlisle suka ratsa wutar lantarki cikin ruwa a Ingila, sai ya rabu zuwa iskar haidurojin da iskar oksijin. Nan ruwa ya daina zama ruwa, wannan shi ne sauyin sinadari.

Alamomi da iyakarsu

Littattafan makaranta kan lissafa alamomin sauyin sinadari: canjin launi, fitar iska ko kumfa, fitar zafi ko haske, sabon wari, ko wani abu mai ƙarfi ya kwanta a ƙasan ruwa. Alamomin suna da amfani, sai dai ba hujja ba ne. Tukunya na tafasa tana ta kumfa ba tare da an samu sabon abu ba. Haka kwalbar lemo idan an buɗe ta, iskar da aka matse a ciki ce kawai ke fita.

Inda canjin launi ke faɗar gaskiya shi ne a marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an jiƙa baba da toka a karofi ya kwana da kwanaki yana ruɓewa, sannan ya koma wani sinadari mai narkewa da zai iya shiga zaren tufa. Idan marini ya tsamo zane, da farko sai a gan shi kore-kore, kafin ka ankara iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Oksijin na iska ne ya mayar da sinadarin shuni na asali, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake tsomawa a tsamo a shanya, a sake tsomawa, har launin ya kama. Madarar da ta zama nono ma haka take: ƙwayoyin bakteriya sun juya sukarin madara ya koma sinadari mai tsami.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ɗalibai ke haddacewa, wai sauyin zahiri ana iya mayar da shi baya, na sinadari ba a iyawa. Bai kamata a dogara da ita ba. Geron da aka daka ba ya komawa tsaba, alhali garin gero ne dai. Batirin waya kuwa sauyin sinadari ne ke gudana a cikinsa, kuma kullum caji na mayar da shi baya.

Nauyi ba ya ɓacewa

Masanin sinadarai Antoine Lavoisier na Faransa, a littafinsa na 1789, ya kafa dokar da ke cewa nauyin abubuwa kafin sauyi daidai yake da nauyinsu bayansa. Idan aka gasa giram 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 900, za a samu giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, giram 44 kuma ya tashi a matsayin iskar kabon dayoksaid. Itacen da ya ƙone ya bar toka kaɗan, sauransa iska da tururi ya zama. Ƙarfen da ya yi tsatsa kuwa nauyi yake ƙarawa, tunda ya ɗauki oksijin da danshi daga iska.

Wasu lokutan sauyin biyu kan zo tare. A kyandir mai ci, narkewar kakin sauyin zahiri ne, ƙonewar tururinsa a bakin lagwani na sinadari ne. Narkewar gishiri a ruwa ma har yau masana na saɓani a kai, domin ƙwayoyin sodiyam da kulorin da suka haɗu suka zama gishiri suna rabuwa a cikin ruwan. Yawancin littattafan farko suna sa shi a sauyin zahiri, saboda da zarar ruwan ya ƙafe gishirin zai dawo, kamar yadda masu haƙar gishiri a Bilma ta Jamhuriyar Nijar ke barin rana ta shanye ruwan ramukansu su kwashe abin da ya rage.