Kaset da rakoda a zangunan Accra

Kaset ɗan akwatin roba ne mai ɗauke da zare siriri wanda aka shafa wa garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, kuma a kan wannan zare ake naɗar sauti. Na'urar da ke juya shi ita ake kira rakoda, ko rediyo mai kaset in an haɗa ta da rediyo. A Accra, birnin da mutanen zango ke kira Ankara, kaset ya ci zamaninsa a unguwanni irin su Nima da Mamobi da Sabon Zongo tun daga shekarun 1970 har farkon shekarun 2000, kafin faifan CD da katin memori da wayar hannu su ture shi. Gardamar da ya bari ba ta mutu ba: tsakanin sautin analog na kaset da sautin dijital, wanne ya fi?

Asali

Kamfanin AEG na Jamus ne ya nuna rakodar zare mai suna Magnetophon a Berlin a 1935, zarenta a naɗe kan manyan faifai biyu a fili. Ƙaramin kaset da aka sani kuwa Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Philips ya bar sauran kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin izini ba, shi ya sa kaset ɗin da alhaji ya sayo a Makka yake yi a rakodar da aka sayo a Legas. A 1979 Sony ya fito da Walkman, 'yar ƙaramar na'urar kunna kaset da ake yawo da ita.

Yadda analog da dijital suke aiki

Faɗin zaren kaset milimita 3.81 ne, yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Kaset mai lamba C60 na ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 minti 45. C120 zarensa ya fi sirantaka, shi ne kuma rakoda ta fi yawan tauna. Lokacin naɗa, kan rakoda, wato ɗan ƙarfen da zaren ke gogawa yana wucewa, yana mayar da sauti ƙarfin maganaɗisu mai hawa da sauka, garin ƙarfen ya ɗauki siffarsa kamar yadda yashi ke ɗaukar sawun ƙafa. Wannan shi ne analog: siffar sautin ce da kanta take kwance a kan zaren.

Dijital auna sautin yake yi ya rubuta shi da lambobi. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna shi sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo yana faɗawa kan ɗaya daga matakai 65,536. Wasu na cewa tunda yanka-yanka ake yi, dole wani abu ya zube tsakanin awo da awo. Lissafin masana biyu, Nyquist da Shannon, ya nuna ba haka ba ne: duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin yawan awon ba, wato 22,050 a daƙiƙa, ana dawo da shi cif. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20,000 ne, na dattijo ma bai kai nan ba.

In ma'auni za a bi, kaset na baya. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da hucin zare, wannan "shuuu" da ake ji kafin malam ya fara magana, desibel 50 zuwa 60 ce (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Dabarar Dolby B ta 1968 tana rage hucin da kamar desibel 10. Tazarar CD kuwa ta kai 96. Sannan kowace rakoda tana ɗan sauri tana ɗan jinkiri, abin da ke sa murya karkarwa, balle in batir ya yi sanyi. Sai dai analog ba duka ya zama ɗaya ba. Manyan rakodojin situdiyo suna jan zare mai faɗi santimita 38 a daƙiƙa, ninki takwas na gudun kaset, kuma sautinsu ya yi wa na kaset nisa ƙwarai.

Daɗin da ake ji a kaset

Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani ba mafarki suke yi ba, abin da kunnensu ke ji yana da dalili. Idan sauti ya yi wa zare ƙarfi, zaren ba ya fashewa farat ɗaya. A hankali yake danne shi, ya ƙara masa kauri. Kaset yana kuma rage kaifin sautuka masu tsini, sai muryar mai wa'azi ta fito da taushi, bugun kalangu ya cika ɗaki ba tare da ya soki kunne ba. Canji ne zaren ya yi wa sautin asali, amma canji ne mai daɗi, har masu haɗa kiɗa a kwamfuta suna sayen manhajojin da ke kwaikwayonsa.

Akwai kuma rashin adalci a yadda ake gwada su. Wanda ya tashi da babbar rakodar Sharp ko National mai lasifika biyu a tsakar gida, yau yana saurare ne ta lasifikar waya wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Abin da wayar ke kunnawa ma galibi MP3 ne, wanda ake matsewa zuwa kilobit 128 a daƙiƙa, alhali CD na ɗauke da 1,411. Sau da yawa an ciro shi ne daga bidiyo, an matse, an sake matsewa. Laifin na matsewa ne da ƙanƙantar lasifika. Fayil ɗin dijital ko an kwafe shi sau dubu ba ya canzawa muddin ba a sake matse shi ba. Kaset kuwa kowane kwafi yana ƙara huci yana rage haske, kuma yawancin kaset-kaset ɗin da suka zagaya zango jikoki ne ko tattaɓa-kunnen na asali.

A Ghana da cikin zango

Taɓarɓarewar tattalin arziki a ƙarshen shekarun 1970 ta durƙusar da buga faifan garmaho a Ghana, dokar hana fitar dare ta 1982 zuwa 1984 kuma ta kashe kasuwar makaɗan dare. Kaset ya cike gurbin, satar fasaha ta biyo shi. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1985, a farkon shekarun 1990 kuma aka fara manna wa kaset na halal tambarin hukuma.

A zango aikin kaset ya wuce kiɗa. Alhazai na dawowa da karatun Abdulbasit da na Husari. Fatake da direbobi na kawo tafsiri da waƙoƙin Mamman Shata daga Najeriya. Ana naɗar tafsirin azumi da maulidi da wa'azin suna, wasu kuma su naɗi shirin Hausa na gidan rediyon GBC. Ga wasiƙar kaset: uwa ta zauna gaban rakoda ta gai da ɗanta da ke Libiya ko Jamus, ƙanne su karɓa ɗaya bayan ɗaya, a ba matafiyi ya kai. Irin waɗannan ba su da kwafi na biyu a ko'ina, su ne suka fi cancantar a cece su.

Gyara da adana

Rakodar da ta yi shekara talatin a ajiye, bel ɗinta na roba ne ke fara saki ko narkewa. Tayar robar da ke matse zare in ta ƙandare, sai a ji an ce rakoda ta ci kaset. A jawo zaren a hankali, a mayar da shi da biro. Kan rakoda ana goge shi da auduga da sifirit. Masu gyara na neman kayan aiki a titin Zongo Lane da wajajen shataletalen Circle a Accra. Wutar Ghana bolt 230 ce, don haka tsohuwar rakodar da aka ƙera don Amurka mai 120 ko Japan mai 100 tana ƙonewa in aka jona ta babu taransifoma.

Danshin bakin teku na sa zare funfuna, ƙurar hunturu na cinye kai, zafin rufin kwano na lanƙwasa akwatin. Ma'adanar J. H. Kwabena Nketia da ke Jami'ar Ghana a Legon tana riƙe da naɗe-naɗen zare tun na shekarun 1950, kuma ta mayar da su dijital saboda wannan haɗari. Mai kaset a gida zai iya yin irin haka. Kada a kara waya a bakin lasifika, domin hayaniyar ɗaki za ta shiga. A haɗa rakoda da kwamfuta da igiya, a adana a tsarin WAV wanda ba ya matsewa. Kusa da kan rakoda akwai ɗan ƙaramin sukuru. A murɗa shi kaɗan-kaɗan har sai muryar ta washe, saboda kowane kaset ya fi fita a daidai karkatar kan da ya naɗe shi. Kafin a sa kaset ɗin, a ɓalle 'yan harsunan roba biyu da ke samansa, yadda ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli, ba abin da zai goge.