Masu zuwa Roma: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ana biya kafin a shiga cocin St Peter?

A'a, kyauta ne. Layin bincike ne zai ci maka lokaci. Hawa kubbar kuwa da kuɗi, kuma matakala 551 ce, ka fara shawara da gwiwarka.

Pantheon fa, tsohon ɗakin bautar Romawan nan da aka mayar coci?

Tun Yulin 2023 ake biya. Wanda ya ce maka kyauta ne ya daɗe bai je ba.

Za a hana ni shiga da hijabi?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Dokarsu a rufe kafaɗa da gwiwa, ke kuwa kin wuce nan. Masu gajeren wando ake korowa. Alhaji ne zai ji wani iri, don a cocinsu namiji cire hula yake yi. Ninke zanna-bukar ɗinka ka sa a aljihu, ban da gardama da mai gadi.

Zan iya ɗaukar hoto a Sistine, ƙaramin cocin Paparoma da ke cikin gidan tarihin Vatican?

A'a! An hana. Michelangelo ya yi daga 1508 zuwa 1512 yana zanen rufin nan, kai minti goma ba za ka iya ɗaga kai ka kalla ba sai ta waya?

Yini ɗaya gare ni, kuma Juma'a ce. Zan iya haɗa gidan tarihin Vatican da masallaci?

To, nan ake yin ta. Zai yiwu, amma ban ɗaukar maka alkawari ba. Sai ka yanki tikitin farkon safiya ta intanet tun da wuri; in ka tsaya saye a ƙofa, ka manta da huɗuba. Cikin ma ba a sauri, jama'a ce ke tura ka a dogayen barandu, kuma Sistine tana can ƙarshe. Ka ware awa uku, wataƙila fiye, musamman lokacin zafi.

Babban masallacin, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin A daga Ottaviano zuwa Flaminio, ka canja zuwa ƙaramin jirgin Viterbo, ka sauka a Campi Sportivi, sauran tafiyar ƙafa ce. Lokacin sallar yana motsawa da yanayin shekara, don haka ka tabbatar tun daren Alhamis. In kana tare da tsofaffi ko yara, ni dai da na bar St Peter sai bayan La'asar. Ko ma gidan tarihin ya jira wata tafiyar.

Na je coci da rana na tarar a kulle.

Ƙananan coci da yawa suna rufewa da tsakar rana. Je ka ci abinci ka dawo.