Tsarin wuraren cajin motocin lantarki a Kalifoniya

Tsarin wuraren cajin motocin lantarki a Kalifoniya shi ne tarin dokoki da ƙa'idojin da ke fayyace inda za a kafa cajar mota a wannan jiha ta Amurka, da wanda zai ba da izini, da abin da zai duba kafin ya bayar. A tsarin mulkin Amurka, hukuncin yadda za a yi amfani da fili yana hannun ƙananan hukumomi, kuma Kalifoniya tana da gundumomi 58 da birane fiye da 480, kowanne da kundin dokokinsa. Tun daga 2015 majalisar dokokin jihar ta riƙa karɓe wannan iko kaɗan-kaɗan a kan maganar caja, har ta kai ga abin da ya rage wa birni shi ne ya duba ko aikin wutar zai cutar da wani.

Asalin ikon birane a kan filaye

Dokar karkasa gari, wato a ware wannan yanki na gidaje, wancan na kasuwanci, wancan kuma na masana'antu, tana da tsohon tarihi a jihar. Wajajen 1908 birnin Los Anjeles ya ware unguwannin zama ya hana wasu sana'o'i a cikinsu. Wani mai masana'antar bulo da dokar ta rutsa da shi ya kai ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka, kotun kuma ta bai wa birni gaskiya a 1915, a shari'ar da aka sani da sunan Hadacheck. A 1916 Berkeley ta ware yankin da ba a gina komai sai gidan iyali ɗaya, a shekarar da Niyu Yok ta fitar da nata cikakken tsarin. Shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio a 1926 ce ta tabbatar wa ƙananan hukumomi wannan iko a duk faɗin ƙasar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da motoci suka cika gari, sai birane suka ƙara wani sharaɗi: duk mai gina shago ko ofis ko gidan haya dole ya tanadi guraben ajiye motoci, adadinsu gwargwadon girman ginin. Gidan mai shi ma aka ba shi babinsa, saboda tankokin da ake binnewa a ƙasa da tsoron gobara, kuma sau da yawa ba a buɗe shi sai da izini na musamman bayan an saurari jama'ar unguwa. Waɗannan sharuɗɗa biyu, na gurbin mota da na gidan mai, su ne suka tare wa caja hanya shekaru da dama bayan haka, alhali waɗanda suka rubuta su ba su taɓa tunaninta ba.

Cajojin farko

A 1990 hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, CARB, ta umarci manyan kamfanonin motoci da su tabbatar kashi 2 cikin 100 na motocin da za su sayar a 1998 ba sa fitar da hayaƙi, adadin kuma ya kai kashi 10 a 2003. Daga wannan umarni ne motoci irin su EV1 ta kamfanin General Motors suka fito a 1996. An kafa cajoji a wuraren ajiye motoci na ofisoshin gwamnati da manyan kantuna, amma iri biyu ne da ba sa shiga juna: wata da faifai ake zura ta a gaban mota, wutar ta ratsa ta hanyar maganaɗisu, wata kuma filogi ne mai haɗa ƙarfe da ƙarfe. A 2001 CARB ta zaɓi ta biyun. Ba a jima ba aka sassauta umarnin, kamfanoni suka janye yawancin motocin, cajoji da yawa suka zauna ba mai amfani da su. A wancan zamani babu wanda ya damu da dokar fili, domin cajojin ba su da yawan da za su tsone wa kowa ido.

Al'amarin ya sake tashi a ƙarshen 2010 da fitowar motar lantarki ta Nissan Leaf. A 2012 Gwamna Jerry Brown ya sa burin motoci marasa hayaƙi miliyan 1.5 kafin 2025, kuma a watan Satumbar shekarar Tesla ta buɗe tashoshinta shida na farko masu saurin caji, dukkansu a cikin jihar. Nan ne takardun neman izini suka fara taruwa a ofisoshin da ba su san babin da za su sa su ba. Wani birni ya ɗauki caja a matsayin aikin wuta kawai, kamar ƙara soket a gareji. Wani ya lissafa ta da gidan mai. Wani kuma ya tura ta kwamitin duba kyawun gini, a yi ta muhawara kan launin akwatin wuta da irin shuke-shuken da za a kewaye shi da su. Aiki iri ɗaya sai ya ɗauki kwanaki a wannan gari, watanni a na kusa da shi.

Dokar 2015

Dokar AB 1236, wadda ɗan majalisa David Chiu na San Faransisko ya gabatar kuma Gwamna Brown ya sa wa hannu a Oktoban 2015, ita ce ginshiƙin tsarin. An gina ta ne a kan wata doka ta 2014 da ta sauƙaƙa izinin sa farantan sola a rufin gidaje. Ta wajabta wa kowane birni da gunduma su kafa dokarsu ta hanzarta izini: masu mutane 200,000 ko fiye kafin 30 ga Satumba 2016, sauran kuma kafin 30 ga Satumba 2017. Dole su wallafa jerin abubuwan da ake buƙata daga mai nema, su kuma karɓi takardu ta intanet.

Muhimmin abin da ke cikinta shi ne iyakar da ta sa wa jami'in kula da gine-gine. Idan takardun sun cika sharuɗɗan lafiya da kariya daga haɗari, ba shi da zaɓi sai ya amince. Ba zai nemi izini na musamman ba sai ya kawo ƙwaƙƙwarar hujja cewa wannan aikin zai jawo wata takamaimiyar illa ga lafiyar jama'a. Rashin kyan gani ba hujja ba ne. Haka kuma ba zai jira amincewar ƙungiyar masu gidaje ta unguwar ba. Wannan tanadi ya dace, domin cajar da aka dasa a wurin da dama can motoci ke kwana ba ta canza amfanin filin ba.

Sai dai dokar ba ta zo da hukunci ga wanda ya ƙi bi ba. Wa'adin ya wuce, hukumomi da yawa ba su motsa ba. A 2019 ofishin gwamna mai kula da bunƙasa kasuwanci, GO-Biz, ya fitar da littafin jagora kan bayar da izinin, tare da taswirar da ke nuna kowace hukuma da launi: kore ga wadda ta cika sharuɗɗa, rawaya ga wadda ke kan hanya, ja ga wadda ba ta fara ba. Kunyar ganin sunan gari cikin ja ta yi aikin da dokar ba ta yi ba a wurare da dama.

Wa'adin kwanaki

Dokar AB 970 ta 2021, wadda Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu, ta ƙara lissafin kwanaki. Idan cajojin da za a kafa a wuri ɗaya ba su wuce 25 ba, hukuma tana da ranakun aiki 5 ta faɗi abin da ya rage a takardun, in ta yi shiru a ɗauka sun cika. Daga nan tana da ranakun aiki 20 ta yanke hukunci, in ba haka ba a ɗauka ta amince. Daga cajoji 26 zuwa sama, wa'adin ya zama ranaku 10 da 40. Ta fara aiki a kan manyan hukumomi a Janairun 2022, ƙanana kuma a Janairun 2023, kuma ta fayyace cewa har biranen da ke da kundin mulkin kansu ta shafa.

Gurbin mota

Tsohon sharaɗin yawan gurabe ya haifar da wata matsala. Mai kanti da doka ta ce ya tanadi gurabe hamsin, in ya ware huɗu don caji, wasu birane sai su ce saura arba'in da shida, ya saɓa doka. AB 1100 ta 2019 ta ce gurbin caji gurbin mota ne a lissafi, wanda aka faɗaɗa don naƙasassu kuma a ƙirga shi biyu. AB 970 ta ƙara da cewa idan taransifoma ko akwatunan wuta suka cinye gurbi, a rage adadin da ake bin mai wurin.

Tun Janairun 2017 dokar gine-ginen jihar ta tanadi ƙa'idojin naƙasassu a wuraren cajin jama'a. Ko caja ɗaya ce a wurin, dole gurbinta ya ɗauki motar da ke sauke keken guragu, da fili a gefe. A tsofaffin wurare masu gangara wannan kan tilasta a sake zuba daɓe, kuma yakan ƙara kuɗin aiki sosai.

Sabbin gine-gine da 'yan haya

Zura bututun waya lokacin gini ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fasa kankare daga baya. Palo Alto na cikin biranen farko da suka wajabta hakan ga sabbin gidaje, wajajen ƙarshen 2013. Daga tsakiyar 2015 kundin ƙa'idojin gine-gine na jihar, CALGreen, ya sa sharaɗin a duk jihar ga gidajen iyali ɗaya ko biyu, da kashi 3 cikin 100 na gurabe a manyan rukunan gidaje. Adadin ya tashi zuwa kashi 10 a 2020, an kuma ci gaba da ƙara shi a bugun da suka biyo baya. An yarda birni ya tsaurara fiye da jiha, kamar yadda San Faransisko ta yi a 2017.

Wata doka ta 2014 ta bai wa ɗan haya damar sa caja a gurbinsa da kuɗinsa, bisa wasu sharuɗɗa. Amfaninta bai kai ga wanda ba shi da gurbi ko kuɗin ba, kuma a nan ne tsarin ya fi rauni: ya fi yi wa mai gida da gareji hidima, ya bar mazauna tsofaffin gidajen haya suna biyan caji mai tsada a waje.

Gefen titi da gidajen mai

Gefen titi mallakar birni ne, don haka a nan ikonsa bai ragu sosai ba. Los Anjeles, bayan ta mayar da fitilun titinta zuwa masu cin wuta kaɗan, ta yi amfani da rarar wutar ta maƙala ɗaruruwan cajoji a jikin turakun fitilun. Satar wayar tagulla ta zame wa irin waɗannan wurare annoba.

A Maris 2021 Petaluma ta zama birni na farko a Amurka da ya hana gina sabon gidan mai, ta kuma bar wa tsofaffin ƙofar ƙara cajoji. A 2022 San Faransisko ta shigar da tashar caji cikin kundin tsara birninta a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Wutar kanta

Izinin birni ba ya kawo wuta. Caja ta gida tana aiki da bolt 240, amma mai sauri kan ja daga kilowat 50 zuwa 350, kuma tasha mai irinsu da yawa tana buƙatar sabuwar taransifoma, wani lokaci har da sabon layi. Wannan aikin kamfanonin wuta ne irin su PG&E da Southern California Edison, kuma jiransu ya kan fi jiran izini tsawo. Dokar SB 410 ta 2023 ta umarci hukumar da ke sa ido a kansu ta sa musu wa'adi. Alƙaluman hukumar makamashi ta jihar sun nuna cajojin jama'a da na haɗin gwiwa, irin na wuraren aiki da rukunan gidaje, fiye da 178,000 a ƙarshen 2024, mafi yawansu marasa sauri.

Saɓani

Wasu ƙananan hukumomi suna ganin jiha ta shiga musu hurumi, kuma ba su da ma'aikatan cika wa'adin. Ana kuma jayayya kan tashoshin da ke cajin motocin kamfani kaɗai a tsakiyar unguwa. Burin daina sayar da sabbin motocin fetur a 2035, wanda Newsom ya sanar a 2020, ya shiga kotu bayan gwamnatin tarayya ta soke izinin da yake dogaro da shi a Yunin 2025. Dokokin izinin caja na jiha ne, wannan rikici bai taɓa su ba.

A wasu jihohi

Niyu Jasi ta bi hanya makamanciya a 2021, inda ta halatta caja a kowane yanki na kowane gari da doka ɗaya ta jiha.