Robar ciyarwa ta hanci da illolin sanya ta

Robar ciyarwa ta hanci siririn bututu ne mai laushi da ake zurawa ta ƙofar hanci, ya bi maƙoshi ya sauka cikin tumbi, domin a ba maras lafiya abinci ko magani idan ba ya iya haɗiya. A asibitocin Damagaram ma'aikata kan kira ta sondi, daga Faransanci. Ƴan jinya kuwa roba kawai suke cewa. Tun a 1790 likitan Birtaniya John Hunter ya ciyar da wani mutum da haɗiya ta gagara ta cikin bututun fatar kifi. Irin wadda ake zurawa ta hanci ta yaɗu ne bayan 1921, da Abraham Levin na Amurka ya fito da tasa.

A yankin Zinder an fi ganinta a hancin yara masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a cibiyoyin jinyar tamowa da ake kira CRENI, irin na Zinder da Magarya, inda ake ba su F-75, madarar musamman ta masu tamowa, ta cikinta idan sun kasa sha. Ana kuma sa wa bakwaini, da mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda ya yi doguwar suma.

Kafin a zura ta, akan auna tsawo daga kan hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji, a yi alama. Ƙananan illoli suna da yawa: haɓo, yunƙurin amai, ciwon maƙoshi, da gyambon da ke fitowa a gefen hanci idan filasta ta matse robar wuri ɗaya kwana da kwanaki. Waɗannan kan warke.

Babbar matsala ita ce robar ta ɓata hanya. Hanyar iska da hanyar abinci maƙwabtan juna ne a wuya, ta iskar ce ma a gaba. Mai lafiya idan abu ya kauce can sai ya ƙware, ya yi ta tari har hawaye. Amma wanda ya suma, ko yaron da tamowa ta cinye wa ƙarfi, yana iya yin shiru roba na zaune a huhunsa. Aka tura madara a haka, huhu ne ya sha; sai numfashi ya yi sama-sama, leɓɓa su yi duhu, limoniya ta biyo baya, wani lokaci rai ya yi halinsa. Robar tana iya huda huhun ma, iska ta taru a ƙirji. Ba kasafai ba, takan ɓula hanyar abinci. Ga wanda ya yi hatsari ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya karye, an taɓa samun robar ta wuce cikin kwanya, shi ya sa irin wannan ta baki ake sa masa.

Tsohuwar dabarar tabbatarwa, wato a hura iska da sirinji a kasa kunne a kan ciki, ba abin dogaro ba ce, don huhu ma yana ba da irin wannan ƙara. Hukumar lafiya a Ingila ta gargaɗi asibitoci su daina ta tun 2005, ko da yake ba a rabu da ita ba a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. Abin da aka yarda da shi shi ne a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a takardar gwajin tsami: pH 5.5 ko ƙasa da haka na nuna tumbi ne. In an yi shakka, sai hoton ƙirji.

Ko ta zauna daidai yau, gobe tana iya gusawa. Tari ko amai ko ɗan yatsan yaro ya isa. Don haka ake duba alamar kafin kowace ciyarwa, a ɗaga kan maras lafiya, a bar madara ta sauka da kanta sannu a hankali ba tare da an danna sirinji da ƙarfi ba, sannan a bi ta da ruwa mai tsabta. Kunu mai kauri ko ƙwayar magani da ba ta daku ba kan toshe ta, kuma uwa mai tausayi da ta ɗura wa ɗanta fura a ɓoye tana iya jawo hakan. Robar PVC takan taurare bayan kamar mako ɗaya, sai a sauya; ta silikon tana kai makonni.