Ba kowane gauraye ba ne algus

Tun muna yara a Katsina muke jin cewa tsantsar abu ta fi, duk abin da aka sa wa wani abu an yi masa algus. A zuma ko man shanu, haka ne. A kimiyya kuwa ba kullum ba.

Akwai wani farin gari mai suna titaniyam dayoksaid da ake sa wa fenti. Idan ƙwayoyinsa suka yi ƙanana ƙwarai, haske ya buge su, sukan wargaza dattin da ke cikin ruwa. Sai dai tsantsarsa wani nau'in hasken da ido ba ya gani, mai suna ultraviolet, kawai take sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana ke sa masa naitirojin ko ƙarfe kaɗan da gangan, sai ya fara aiki da hasken da muke gani. In abin da aka sa ya yi yawa kuma aikin ya ja baya, kamar kanwa a miya.

A ɗakin gwaji, ruwan rini ake zubawa a kofuna biyu, ɗaya da tsantsar garin, ɗaya da mai gauraye, a kunna musu fitila, a ga wanda zai riga koɗewa. Ko ka tambayi maƙerin zinare: tsantsar zinare laushi gare ta, shi ya sa ake gauraya shi.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.