Tukunya, murhu da yaro mai rarrafe: tambayoyi da amsoshi kan kauce wa ƙuna a wurin girki

A yawancin gidajen Maraɗi a ƙasa ake girki, a tsakar gida ko ƙarƙashin ƴar rumfa, ko da itace ne, ko gawayi, ko ƙaramin butelin gaz mai kilo 6. Wutar tana daidai tsayin yaron da ya fara tatata. Shi ya sa shawarwarin da aka rubuta don ɗakin girki irin na Turai, inda murhu ke kai wa babba ƙugu, rabinsu ne kawai ke yi mana aiki.

Me ya fi ƙona mutane, wutar ce ko abin da ke cikin tukunya?

Ga yara ƙanana, abin da ke cikin tukunya ne. Harshen wuta ana ganinsa, yaro ma yakan ji wucinsa ya ja da baya. Tukunyar kunun da aka sauke aka ajiye gefe kuwa ba ta nuna komai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma mai digiri 60 ma ya isa ya ci fata har ciki cikin ƴan daƙiƙoƙi, fatar yaro kuma ba ta kai ta babba kauri ba. Kunu, talge da miyar kuɓewa sun fi ruwa ɓarna saboda suna manne wa jiki, su ci gaba da dafa naman bayan sun zuba. Man suya ya fi su duka, don yakan kai digiri 170 zuwa 190 lokacin da ƙosai ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ƙuna na kashe mutane kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne wani lokacin da abin kan faru a gida: bayan an sauke, sa'ad da uwargida ta ɗauka aiki ya ƙare ta juya neman kwanukan rabo. Wurin ajiye tukunyar da aka sauke yana buƙatar tsaro daidai da murhun kansa.

Butelin gaz mai kilo 6 da ake ɗaura wa kan murhu a sama, me ya sa yake yawan kifewa?

Tsayinsa ya fi gindinsa faɗi. Tun da matatar man fetur ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa, kuma wannan ƙaramin butelin ne aka fi saye saboda ba ya buƙatar tiyo. In aka ɗora masa tukunya cike, nauyin duka ya koma sama. Kuma gaz ɗin na raguwa butelin na ƙara zama shafal, don haka wanda ya kusa ƙarewa ya fi sabon ciko saurin faɗuwa. Sai ga tuƙin tuwo: muciya tana tura tukunya gefe da ƙarfi, abin da duwatsun murhu ke jurewa amma buteli ba ya iyawa.

Maganinsa ƙarfen ɗora tukunya mai ƙafafunsa na kansa, uku ko huɗu, waɗanda suka sauka har ƙasa suka buɗe fiye da gindin butelin. Masu walda suna yin sa. A ce musu nauyin tukunya ya hau kan ƙafafun, kada ya hau kan murhun, a kuma yi wa zoben sama ƴan haƙora ko baki mai ɗan tsayi da zai riƙe gindin tukunya kada ta zame. Kafin a biya, a ɗora tukunya cike da ruwan sanyi a tura ta gefe da hannu kamar ana tuƙi. In ta yi rawa a shago, za ta yi a gida.

A kuma kula da faɗin tukunya. Babbar tukunyar suna ko biki in ta rufe ƙaramin buteli tana mayar da zafi ƙasa, kan bakin butelin da ƴar robar da ke toshe mahaɗa. Robar ta bushe ta tsage, gaz ya fara fita daidai ƙarƙashin wuta. Girkin taro ba aikin kilo 6 ba ne. Ƙasan da za a girke shi kuma ta zama shafaffiya mai tauri. Rairayi yana nutsewa ɓangare guda, tabarma kuma yaro na iya jan ta.

Ana cewa a ɗaga murhu sama. Ba zai fi haɗari ba in tukunya ta faɗo daga can?

Zai fi, in teburin katako ne mai rawa ko bokiti aka kife. Abin da ake nufi dakali ne na bulo da siminti, tsayin santimita 70 zuwa 80, mai faɗin da murhu zai zauna a can ciki jikin bango, ya bar kamar taƙi guda tsakanin tukunya da bakin dakalin. Nan ne shawarar juya hannun kasko ciki ke da amfani: hannun da ya leƙo waje yaro zai kama, ko gefen hijabi ya sarƙafe shi.

Ga wadda ta saba tuƙi a zaune kan kujera ƴar tsugunne, ba sai an tilasta mata tsayuwa ba. A bar murhun a ƙasa, a kewaye wurin da ɗan gini mai kai wa babba cinya, da ƙyaure mai sakata ta sama. A bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin wuta da inda yaro zai iya tsayawa. Wannan ɗan ginin ya fi duk wata na'ura da za a sayo daga waje amfani a gidan da ke da masu rarrafe, kuma ba ya lalacewa. Cewa "Yaya, kula da ƙaninki" ga yarinya ƴar shekara 6 ba shinge ba ne.

Murhun itace da na gawayi fa?

Duwatsu uku suna zaune daram in girmansu ɗaya kuma an ɗan binne gindinsu. Matsalarsu dogayen itatuwan da ke miƙowa waje: a yi tuntuɓe da ɗaya, ya daki dutse, tukunya ta karkata. A faskara itace gajere. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, inda tukunya ke shiga ciki har rabi, ya fi riƙe ta, amma sai lambar tukunya ta dace da ta murhun, kuma jikinsa na yin zafin da ke ƙona hannu ko bayan wuta ta mutu. Na laka ya fi sanyin jiki ta waje.

Toka tana ɓoye garwashi na sa'o'i. Yaran da ke zuwa da ƙunar tafin ƙafa galibi tokar da aka kwashe aka zubar bayan ɗaki suka taka, don haka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar. Ɗan murhun waya na shayi ma haka, in ƴan fada sun tashi kada a bar shi a ƙofar gida da wuta. Lokacin hunturu kuma kada a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci.

In za a sayi murhun gaz na tebur ko mai tandar gashi a ƙasansa, me za a duba?

Na farko, ko yana yanke gaz da kansa in wuta ta mutu. A duba gefen kan murhun: ban da farin tsinken da ke kyasta wuta, akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da harshen wuta ke lasa. Muddin yana da zafi gaz na wucewa, in ya huce sai ya rufe hanya. Shi ya sa irin wannan murhun sai an danna makunni an riƙe na ƴan daƙiƙoƙi kafin wutar ta zauna. Wasu na ɗauka lalacewa ce. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kunna, a hure wutar, a saurara. Cikin ƙasa da minti 1 ya kamata sautin gaz ya ɗauke. A tsakar gida mai iska, ko inda wake ke yawan tafasowa ya kashe wuta, wannan tsinken ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗorawa.

Sai makunnin da ba ya juyawa sai an danna shi ciki, da ƙarafan ɗora tukunya masu kauri waɗanda ba sa motsi a mazauninsu, da ƙafafun roba da ke hana murhun zamewa. Mai tanda a ƙasa a ɗaure bayansa da bango da ƙarfe ko sarƙa, saboda yaro kan buɗe ƙofar tandar ya taka, murhun duka ya rinjayo kansa da tukwanen da ke sama. In mai kai huɗu ne, tukunyar da za ta daɗe tana tafasa ta koma na baya.

Ta yaya za a gane gaz na yoyo?

Warin da ake ji da gangan aka zuba shi cikin gaz don hanci ya kama. Amma kada a jira wari. Duk lokacin da aka sauya buteli a kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakinsa, da jikin detandar, wato abin da ke rage ƙarfin gaz, da bakunan tiyo biyu. Inda kumfa ke kumbura yana fashewa, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon gaz na ainihi yana ɗauke da shekarar da za a daina aiki da shi a rubuce a jikinsa, kuma zafin watan Afrilu da Mayu na sa ya tsage kafin lokacin in yana shan rana. Tiyon ban ruwa ba ya maye gurbinsa.

Gaz ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, yana kwanciya ƙasa ne kamar ruwa. In an ji wari a rufe bakin buteli, a buɗe ƙofa, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da butelin fili nesa da murhun gawayi. Wajen kunnawa kuma ashana ce farko, sannan a buɗe gaz. Wanda ya buɗe ya tafi neman ashana shi ne wutar ke bugewa a fuska.

Me ke hana tukunya tafasowa ta zube?

Kada cikinta ya wuce kashi biyu cikin uku. Wake, madara da taliya suna kumfa, su rabin tukunya ya ishe su. Da ta tafaso a rage wuta a ɗan goce murfi. Wajen buɗewa a ɗaga gefen da ke nesa da ke, tururin ya tafi can. A kama tukunya da busasshen tsumma mai kauri, domin jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take, mutum ya saki tukunyar ba shiri. Babbar tukunya kuwa a kwashe abin ciki da ludayi a inda take, ya fi a ɗauke ta a ratsa tsakar gida.

Mai ya kama wuta a kasko. Me za a yi?

Ban da ruwa, ko ɗigo. Ruwa yana nutsewa ƙarƙashin mai, ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watsa man mai ci sama har rufin rumfa. A kashe gaz ko a janye itacen in hannu zai kai, a zura murfin ƙarfe ko babban faranti daga gefe a rufe kaskon ruf, a bar shi aƙalla minti 30. In aka buɗe da wuri iska ta shiga, wutar ta dawo. Kada a ɗauki kaskon a yi waje da shi, nan ne hannu da ƙafa ke ƙonewa. Man da ya zube ƙasa yana ci a rufe shi da rairayi. Garin tuwo ba ya kashe wuta, shi ma kamawa yake. In ta fi ƙarfin murfi a fitar da kowa a kira masu kashe gobara a lamba 18.

Tun farko kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko, kuma hayaƙi ya fara tashi daga mai alama ce ya kusa kamawa. Man gyaɗa na gida ya fi wanda aka tace a masana'anta saurin yin hayaƙi. Nama, kifi da dankali a tsane su kafin a saka, a zura su daga gefen kasko, ba a jefawa daga sama. Masu tuyar ƙosai da fanke a bakin titi su sa benci ko tebur tsakanin kasko da yaran da aka aiko.

Tufafi da goyo suna da nasu haɗarin?

Dogon hijabi da mayafin yadin roba suna kamawa da sauri, su narke su manne a fata. A ɗaure su ta baya ko a sauya da ɗankwali da rigar auduga marar faɗin hannu. Goyo kuma in uwa ta sunkuya kan tukunya, ƙafar jaririn da hannunsa na leƙowa ta gefe daidai tururi, don haka a sauke shi kafin tuƙi ko suya. In tufa ta kama, gudu yana hura wutar. A kwanta ƙasa a yi ta birgima, na kusa ya lulluɓe mutum da bargo ko ya kwara masa ruwa.

In ƙunar ta riga ta faru fa?

Ruwa mai sanyi, na pampo ko na randa, a yi ta zubawa minti 20 cikakku. Da agogo za a duba, don minti 3 ma kan yi kamar an daɗe. Ko an makara, yana da amfani har cikin sa'o'i 3 na farko. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, a cire rigar da ta jiƙe da kunu, amma wadda ta manne a bar wa likita. Wurin ƙunar kaɗai ake sanyayawa, sauran jikin yaro a rufe shi kada sanyi ya kama shi.

Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja, toka da tawada duk ba sa warkarwa. Suna riƙe zafi ko su shigar da ƙwayoyin cuta, sannan ma'aikacin lafiya sai ya kankare su kafin ya ga zurfin ciwon, yaron ya sha azaba sau biyu. Kada a fasa bororon da ya taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi, a tafi asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun mai ciwon girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko kuma jariri ne ko ɗan yaye komai ƙanƙantarta. Wurin da ya yi fari ko baƙi kuma ba ya zafi shi ne mafi muni, domin jijiyoyin jin zafin ne suka ƙone. A tafi da katin rigakafin yaron, za a tambayi allurar tetanus.